Kofin Maganin Tari

Babu irin bakin da Auta ba ta leƙa ba. A asibitin haƙori take aiki, ita ke riƙe wa likita fitila, ita ke miƙa masa auduga, ita ke kwashe ƙarafan da aka tona haƙoran mutane da su ta wanke ta tafasa. Jini da mugunya da warin ruɓaɓɓen haƙori duk ta saba da su, har takan fito daga ɗakin ta wanke hannu ta ci abincinta hankali kwance. Shi ya sa ma aka ɗora mata wanke kofunan Jibin Ubangiji a cocinsu, ibadar nan da ake cin gurasa a sha ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, 'yan ƙananan kofunan gilashin nan da ake jerawa a ramukan tire. Kowa cewa yake Auta ba ta san ƙyama ba.

Ashe ba a zo kan bakin da take ƙyama ba ne.

Ranar Asabar da yamma tana ɗan ɗakin da ke bayan coci tana goge kofunan ɗaya bayan ɗaya, sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ba sai ta juya ba, ta san Mai Kemis ne, mai shagon magani na bakin titi, ɗaya daga cikin masu raba Jibi ranar Lahadi, wanda ya daɗe yana neman aurenta. Mutum ne fes-fes, ko zufa ba ya yi. In ya gaisa da kai sai ka ga hannunsa ya zarce aljihu neman hankici.

"Sannu da aiki, Auta. Kin ji labari?"

"Wane labari kuma?"

"Gobe Fasto zai ɗage wa Mai Walda horo. Za a mayar da shi cikin zumunta, kuma gobe-goben nan zai ci Jibi tare da mu."

Kofin da ke hannunta ya kusa suɓucewa. Wani abu mai ɗaci ya taso mata daga ciki har maƙogwaro, ta haɗiye shi da ƙyar.

Mai Walda shi ne mutumin da Auta ta so kamar ranta. An riga an yi sanarwar aurensu a gaban ikkilisiya, wato jama'ar coci, tela ya gama rigar amarya, Mama ta gama yawon gaya wa dangi. Wata rana da tsakar rana Auta ta samu sarari a wurin aiki, ta ce bari ta kai masa abinci shago. A ƙofar ɗan ɗakin da ke bayan shagon ta ga takalminta. Nata na kanta, ja mai tsini, wanda aminiyarta ta ara ba ta dawo da shi ba. Aminiyar da za ta riƙe mata bakin riga ranar aure. Auta ta tura ƙofar, ta ga abin da har yau in ta rufe ido take gani.

Aminiyar ta tattara ta bar garin. Shi kuwa dattawan coci suka sa shi ƙarƙashin horo, aka hana shi Jibi, aka hana shi tsayawa cikin mawaƙa, ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Shekara ta zagayo yana nan zaune, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa tare ta a hanya ba. Wannan ma haushi yake ba ta.

Ta kalli kofunan da ke jere a gabanta. Duk iri ɗaya ne, babu mai alama. Gobe zai ɗora leɓensa a kan ɗaya, a kwaso su gaba ɗaya a jibge mata a baho, ita ce za ta sa yatsa ta cuɗe. Wani watan kuma kofin nan ya zagayo ya faɗo hannunta, ko hannun Mama, ba wanda ya sani.

"Bakin da ya..." Ta kasa ƙarasawa, ta kai bayan hannu ta toshe bakinta.

"Na sani, na sani," in ji Mai Kemis cikin tattausar murya. "Ai ni ma tun da na ji ban iya cin abincin rana ba. Allah yana gafartawa, ba mu ce a'a ba. Amma Allah bai ce mu zama ƙazamai ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu ya ajiye a kan tebur. Ɗan kofin roba ne, irin wanda ake kifawa a kan kwalbar maganin tari, mai layukan awo a jikinsa.

"Na gwada, yana shiga ramin tire daidai. Ki zuba masa nasa a ciki. Ni ke raba wa na baya, shi kaɗai ne a bencinsa, ba mai gani. In ya sha in ɗauke in jefa a shara. Ya ci Jibinsa, ku kuma kofunanku sun tsira."

Da Auta ta ce a'a a nan, da ta huta. Amma takalmin nan ja yana tsaye a idonta. Ta ɗauki kofin robar ta juya shi a hannu.

"Ka tabbata ba mai gani?"

"Ni da ke kawai," ya ce, ya washe baki. Haƙoransa farare tas, ko ɗaya bai taɓa kawo shi asibitinsu ba.

A gida ta tarar da Mama da Gwaggo, ƙanwar marigayi babanta, sun sauko da akwatin da ke saman kabad. Rigar amaryar tana shimfiɗe a kan gado, tana warin maganin asu.

"Wa ya ce ku taɓa wannan?"

"Ji min 'ya!" in ji Gwaggo. "Riga ta yi zunubi ne? Ba ita ta shiga ɗakin bayan shago ba. A ɗan rage ƙugu kawai, don kin rame kamar mai azumin dole."

"Gwaggo, don Allah."

"Zauna, Auta," in ji Mama. Muryarta ta riga ta fara rawa, Auta ta san hawaye na hanya. "Gobe bayan an tashi daga coci mutanen Mai Kemis za su zo. Sun aiko, na ce su zo. Amsa suke so, kuma amsa za ki ba su."

"Mama, na ce a ba ni lokaci."

"Lokaci nawa? Shekara guda ina shiga taron mata kaina a ƙasa. Duk wadda ta ce mini sannu, na san sannun me take yi mini. Na raba katin aure da hannuna, na koma na bi gida-gida ina cewa an fasa. Kin san yadda wannan yake? Yanzu Allah ya kawo mutum mai tsabta, mai tsoron Allah, wanda ba a taɓa jin sunansa da wata mace ba."

"Ko da kuda ba a taɓa jin sunansa ba," in ji Gwaggo. "Kuda ma tsoron sauka a jikinsa yake."

"Ke kuma ba ki san lokacin wasa ba," Mama ta ce, ta share ido da bakin zane. Ta kamo hannun Auta. "Gaya mini gaskiya. Ko har yanzu wancan yana ranki?"

Auta ta fizge hannunta kamar an ɗora mata garwashi.

"Wancan? Mama, ko sunansa na ji sai zuciyata ta tashi. Da in koma masa gara in mutu ban yi aure ba."

"To shi ke nan. Gobe ki ce wa mutane to."

Auta ta kalli rigar, ta kalli fuskar uwarta da ta zurma a shekarar nan. Ta ce, "To, Mama."

Da safiyar Lahadi ta riga kowa zuwa. Ta jera kofuna, ta ɗauki butar ruwan inabi ta bi su tana cikawa. Da ta zo kan na robar sai ta tsaya, don ya fi sauran faɗi. Hannu ya riga ya saba da awo a wurin aiki, ba ta ma yi tunani ba, ta cika kofin gilashi guda ta juye a cikinsa. Ta sa shi a ramin gefe na tiren Mai Kemis, ta rufe tiren da farin ƙyalle.

Tana zaune cikin mawaƙa, suna fuskantar jama'a, aka gama wa'azi. Fasto ya cire tabarau ya kira Mai Walda.

Ya taso daga can baya, yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa. Ya sa farar rigar da ta yi masa yawa, wuyansa ya fito. Auta ta so ta kau da kai, idonta ya ƙi. Bakinsa take kallo. Leɓen nan da ya taɓa kiranta Likitata, da 'yar wushiryar da a da take cewa ita ce ta cuce ta. Yanzu gani take kamar wani abu mai yauƙi ne a manne a fuskarsa.

"Na yi wa Allah zunubi," ya ce, murya can ƙasa. "Na ci amanar wadda ta amince da ni. Na jawo wa wata ɓacin suna har ta bar gidansu. Na kunyata ikkilisiya. Ba ni da wani dalili. Ina roƙon gafara."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Auta ta yi tsaki a ranta. A yi ɓarnar da ta cinye mata shekara, a wanke ta da magana ba ta fi ta sayen gishiri ba.

Fasto ya dafa kafaɗarsa.

"Ranar da na ji abin da yaron nan ya yi, raina ya ɓaci har na ce kada ya ƙara taka mini ƙofar gida. Ba ƙaramin abu ya yi ba, kuma kada wanda ya fita daga nan ya ce Fasto ya ce ƙarami ne. Amma ku ji ni da kyau. Allah bai tsaya jiran mu yi wanka ba kafin ya ƙaunace mu. A cikin ƙazantarmu ya same mu, a cikinta Yesu ya mutu dominmu. Dukanmu nan mun taɓa juya masa baya muka bi wani abu, shi kuwa ya biyo mu. Teburin nan nasa ne, ba nawa ba, ba na dattawa ba."

Aka ce amin. Mai Walda ya juya zai koma bayansa, Fasto ya riƙo hannunsa.

"Ina za ka? Ka gama zaman can. Zauna nan."

Ya nuna masa bencin farko, a tsakiyar tsofaffin mata, inda kowa ke gani.

Auta ta ga shirinsu zai tonu a gaban kowa. Ta nemi idon Mai Kemis, ta girgiza masa kai a hankali. A bar shi. A fasa. Ya kalle ta, ya ɗan lumshe ido alamar ya gane. Sai ta ga ya raɗa wa mai raba wa na gaba magana, sun yi musayar wuri.

Aka raba gurasa, aka ci. Aka yaye ƙyallen tire. Mai Kemis ya bi bencin farko yana miƙa wa kowace tsohuwa tiren ta ɗauka da kanta. Da ya zo kan Mai Walda sai ya janye tiren gefe, ya sa yatsu biyu ya tsamo kofin robar ta bakinsa, ya miƙa masa daga nesa.

Tsohuwar da ke dama ta gani. Ta zunguri ta kusa da ita. Raɗa ta bi benci kamar wuta a busasshiyar ciyawa, har na baya suna ɗaga wuya. Wata cikin mawaƙa ta ce, "Kai, kofin magani ne!" ta toshe baki tana danne dariya. Fasto yana can gefe yana ba wani mara lafiya nasa, bai ga komai ba.

Mai Walda ya kalli kofin. Ya kalli na gilashin da ke hannun tsofaffin. Auta ta ce yanzu zai tashi ya fita, ko ya watsa wa Mai Kemis a farar rigarsa, kuma da ya yi hakan da ta ji daɗi, da ta ce ga halinsa nan. Amma hannu biyu ya sa ya karɓa, hannuwan nan masu tabon ƙuna na tartsatsin walda. Ya riƙe shi a ƙirji, ya sunkuyar da kai. Da Fasto ya ce a sha, ya sha tare da kowa, hawaye na bin gefen hancinsa suna ɗiga a kan rigar.

Mai Kemis ya juyo ya kalli Auta, ya kashe mata ido ɗaya. Sannan ya ciro hankici ya goge yatsun nan biyu, a gaban teburin Ubangiji.

Abin da ya taso wa Auta a lokacin ya fi na jiya ɗaci. Ta ɗaga nata kofin zuwa baki, leɓenta ya ƙi buɗewa. Ta sauke shi, ta rufe shi da tafin hannu a kan cinyarta. Aka tashi waƙar rufewa, ko kalma ɗaya ba ta fito daga bakinta ba.

Da aka watse ta shige ɗakin baya da kofinta cike a hannu, ta ajiye shi a kan taga. An jibge mata sauran a baho. Ta buɗe famfo, ta zuba sabulu, ta tsaya tana kallon kumfa.

"Salama."

Mai Walda ne. A bakin ƙofa ya tsaya, bai shigo ba. Kofin robar na hannunsa.

"Me ka zo yi nan?"

"Na rasa inda zan ajiye shi ne. Ban so in sa shi cikin na mutane ba. Kuma na kasa jefa shi a shara, saboda abin da aka zuba a ciki."

"Sai ka kawo mini? Ni ce mai kwashe maka ƙazanta?"

"A'a. Ki yi haƙuri. Bari in tafi da shi."

"Tsaya!" Ta juyo, hannunta na ɗigar kumfa. "Shekara guda kana zaune a bayan can kamar waliyyi, kowa na cewa ka tuba, ka tuba. Ni ka taɓa tambayata yadda na kwana? Ka san sau nawa na wanke hannuna ranar, don kawai na taɓa ƙofar ɗakin nan? Ka san na daina cin abinci a kwanon da nake kai maka? Na jefar da shi, kwanon Mama ne ma!"

"Dattawa sun ce kada in matso kusa da ke. Ni ma na ga ba ni da fuskar."

"Fuska! Kana da fuskar yi, ba ka da fuskar zuwa? Da takalmina fa ta zo maka. Takalmina! Ka gan shi a ƙafarta, ka san nawa ne, kai ka raka ni na saye shi. Ba ka ji komai ba?"

Ya runtse ido. "Na gan shi. Na san naki ne."

"Kuma ka yi."

"Kuma na yi."

Da ya yi musu, ko ya ce shaiɗan ne, ko ya ɗora wa yarinyar laifi, da Auta ta samu abin kamawa. Bai ba ta ko ɗaya ba. Kuka ya ƙwace mata, irin mai fitowa daga ciki, ta dafa bakin baho.

"Me na rage ka da shi? Gaya mini, don in sani. Me na rasa?"

"Ba ki rasa komai ba. Ni ne. Na samu abu mai kyau a hannu, na ga kamar ba zai taɓa suɓuce mini ba, sai na yi wasa da shi. Ba na neman ki dawo, Auta. Na ji mutanen Mai Kemis za su zo yau. Allah ya ba ku zaman lafiya, da gaske nake faɗa."

"Kada ka yi mini addu'a da bakin nan!"

Ta share fuska da gefen hannu, ta nuna kofin da haɓa.

"Ka san wanda ya zuba maka a ciki? Ba Mai Kemis ba ne. Shi ya kawo, amma ni na zuba. Da hannuna. Don kada bakinka ya taɓa inda nawa zai taɓa."

Ta jira ta ga ya karye. So take ya ji ko rabin abin da ta ji.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ke kaɗai ke cika kofuna. Da ya miƙo mini, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina, to, wannan shi ne daidai da ni, Fasto ne kawai ya yi mini kara. Har na yi niyyar ajiyewa in fita, ba zan ƙara dawowa ba." Ya juya kofin a hannunsa. "Sai na duba ciki. Na ga ba a rage mini ba, daidai da na kowa aka auna. Da na kurɓa kuma, abin da tsofaffin nan suka sha shi na sha. Ba a surka ba, ba a canza ba. Shekara guda ana gaya mini Allah ya gafarta mini, ina cewa amin da baki, amma ban yarda ba sai yau. Kofin ya nuna mini ko ni wane ne. Abin da ke ciki kuwa bai tambaye ni ba."

Auta ta kau da kai daga gare shi. Idonta ya kai kan taga, inda nata kofin yake, na gilashi mai sheƙi, cike, ba a taɓa ba. Shi da aka ba na shara ya sha nasa ya tashi da salama. Ita mai tsabtar ce ta kasa haɗiya. Ta kalli hannuwanta da kumfa ta rufe har gwiwar hannu, ta ji ƙyamarsu kamar ba nata ba.

"Ajiye shi nan," ta ce.

Ya miƙo hannu daga bakin ƙofa ya ajiye a gefen tebur.

Ƙamshin turare ya shigo. Mai Kemis ne, Mama da Gwaggo na biye da shi, a hannunsa 'yar baƙar leda. Ya ratsa ta gefen Mai Walda yana tattare rigarsa kada ta goge shi.

"Au, ka kawo da kanka? Madalla, ka hutar da ni." Ya juya wurin Mama yana dariya. "Mama, kin ga aikinmu yau ni da Auta? Wasu abubuwan Fasto ba zai iya ba, sai mu mu taimaka masa. Gafara daban, tsabta daban."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta gani a coci kamar yadda kowa ya gani, amma ba ta san da hannun 'yarta a ciki ba sai yanzu. Ta kalli Auta, ta kau da kai.

"Na ce maka a fasa," in ji Auta. "Na girgiza maka kai."

"Na gani. Amma da ya koma gaba ai sai abin ya fi kyau. Kowa ya gani, kowa ya ɗauki darasi." Ya sa hannu cikin ledar kamar safar hannu, ya nufi kofin. "Kawo in kai shi inda ya dace. Ku yi sauri, mutanena sun kusa isa gida."

Auta ta riga shi ɗauka.

Ta ɗaga kofin wajen hasken taga. Ga shatin leɓensa nan a bakin robar, ga ɗan sauran ja a gindi. Ta ga ƙofar nan, ta ga takalmin nan, duk suka dawo mata sabo fil. Ta ɗauko nata kofin gilashin, ta juye shi a cikin na robar. Ɗigo ya zuba a yatsanta.

"Auta, me kike yi?" in ji Mama.

"Ban ci Jibi ba yau, Mama. Na kasa."

"Ke! A cikin wannan?" Mai Kemis ya ja da baya, fuskarsa ta yamutse kamar ya taka kashi. "Ba a ko wanke ba!"

Ta rufe ido. A ranta ta ce, Ubangiji, ga wata ƙazamar kuma. Ta ɗora leɓenta daidai kan shatin, ta tilasta wa kanta. Ta shanye.

Ta sauke kofin.

"Ka aika wa mutanenka su koma," ta ce wa Mai Kemis. "Ka ba su haƙuri. Laifin jiya namu ne ni da kai, zan je in gaya wa Fasto nawa. Amma ba zan iya zama gida ɗaya da hankicin nan ba."

"Kin san abin da kike yi kuwa? A kan wannan mazinacin?"

"A kan teburin da ka goge hannu a gabansa."

Ya kalli Mama yana jiran ta tsawata. Mama ta zauna a kan kujerar roba, hawaye na zuba, ta ce a hankali, "Ka ji abin da ta ce." Ya jefar da ledar a ƙasa ya fita, turarensa ya daɗe bai bi shi ba.

"To," in ji Gwaggo, ta riƙe haɓa. "Riga dai a mayar da ita akwati ke nan. Ko kuwa wannan ɗin za a koma wa?"

Auta ta kalli Mai Walda. Yana nan a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza.

"Kada ka yi murna," ta ce masa. "Har yanzu in na kalle ka zuciyata tashi take yi. Ban san ranar da za ta daina ba, ban ma san ko za ta daina ba. Ban ce na dawo ba, kuma ban ce na manta ba."

"Na ji."

Ta jefa kofin robar cikin baho, ya faɗa tsakiyar na gilashi, kumfa ta rufe su gaba ɗaya. Ta naɗe hannun riga ta fara cuɗawa. Can ta ɗago, ta fizgo tawul daga ƙusa ta wurga masa, ya cafe a ƙirji.

"Tsayuwar me kake yi a ƙofa kamar maroƙi? Shigo. Ga sabulu nan, ka wanke hannun nan naka sosai, har ƙarƙashin farce, sannan ka zo ka goge kofuna."